Bandit 1250 mara riga: daɗinsa da wahalarsa a hannun mai shi

Duk gidan man da na tsaya, tambayoyin ba sa canzawa: nawa ka saye shi, gudu nawa yake yi, kuma ina rigarsa ta tafi? Ta ukun ce ta fi ba ni dariya, domin da yawa sun ɗauka faɗuwa na yi robobin suka farfashe. Haka aka ƙera shi. Suzuki Bandit 1250 ne, ƙirar 2008, cikin manyan baburan nan da ba a lulluɓe su da roba ba: zagayayyiyar fitila ɗaya a gaba, tanki, kujera, sai inji a fili kowa na kallo. Yana da ɗan'uwa mai harafin S a ƙarshen suna, wanda aka yi wa 'yar riga da gilashin tare iska. Nawa ba shi da ko ɗaya.

Na hannu na saya, wanda aka shigo da shi daga Turai ta Legas. A Kaduna nake zaune, harkata kuma tana yawan kai ni Zariya da Kano, wani lokaci Abuja. Saboda haka abin da zan faɗa, na wanda ke cin doguwar kwalta ne, ba na mai fito da babur ranar Lahadi don a ɗauki hoto ba.

Abin da mutum ke saye a jikin wannan babur, injin ne. Sauran duk rakiya suka yi masa. Silinda huɗu ne a jere, cc 1,255, mai sanyaya kansa da ruwa, mai shan mai ta injekta, giya shida. A takarda ƙarfinsa bai kai doki 100 ba, wajen 97 ne, kuma yaran da ke hawan masu cc 600 na tsere sukan taɓe baki idan sun ji haka, don nasu ya fi wannan a lissafi. Amma lambar da ta dace a duba ita ce ƙarfin murɗawa: Nm 108, kuma yana ba da shi gaba ɗaya tun injin na juyi 3,700 a minti. Ma'anarsa a kan titi ita ce ba sai ka sa shi kururuwa kafin ya yi aiki ba. Ka fito daga Kawo, ka hau giya ta shida tun kafin ka isa Maraban Jos, sai ka manta ƙafarka ta hagu tana da aiki. Ka tarar da tirela biyu suna bin juna a hawa, ka leƙa ka ga gabanka fili ne, murɗa totur kaɗai za ka yi. Babu sauke giya, babu jira, ka wuce su ka koma hannunka tun direban na baya bai gama lura da kai ba. Jansa irin na ingarman sa ne a gonar huɗa, ba ya zabura, ba ya haki, tafiya kawai yake yi da duk abin da aka ɗaura masa. A gudun kilomita 120 allurar injin tana wajen 4,000, sautinsa ƙasa-ƙasa, hannu ba ya yi maka zugi. Na taɓa barinsa a giya ta shida har gudun ya sauko kusan 50 a cikin wani ƙauye mai kasuwar bakin hanya, na sake murɗawa, ya ɗauka ba tare da ya yi tari ba.

Wannan hali shi ya sa nake ganin ya dace da hanyoyinmu fiye da baburan da suka fi shi suna. A tsakanin Kaduna da Kano, kimanin kilomita 230, ba ka samun minti goma cur ba tare da wani abu ya sa ka rage gudu ba: rami, akuya, mai Golf da ya tsaya sauke fasinja a tsakiyar hanya, wurin da aka karkatar da motoci hannu ɗaya saboda aiki. Rage gudu da sake ɗauka shi ne rabin tafiyar. Babur ɗin da sai ya kai juyi 10,000 yake farkawa, a nan wahalar da kai zai yi.

To, sai iska, wadda ita ce maganar da masu irin wannan babur suka fi rabuwa a kanta. Tun daga kilomita 110 za ka fara jin ta a ƙirji. A 130 ta zama kokawa, wuyanka na riƙe da hular kwano, hannuwanka na riƙe da kai. Sama da haka injin yana da sauran magana da yawa, kai ne ba ka da shi. Ranar da iskar hunturu ke busowa daga gabas, ka wuce Kwanar Dangora inda fili ya buɗe, sai ka ji ana tura ka gefe, kuma duk tirelar da ka yi kiciɓis da ita sai ta mare ka da tata iskar. Idan ka sauka a Kano, kafaɗu da bayan wuya ne za su ba ka labarin tafiyar da daddare.

Abokina da ke hawan mai cikakkiyar riga yana ganin wannan shi ne babban aibin babur ɗina, kuma ba ƙarya ya yi ba. Shi yana kwanciya bayan gilashinsa ya iso bai gaji ba. Ni kuwa da daɗewa na daina ƙorafi a kai. Iskar ce ke gaya mini gaskiyar gudun da nake yi. A kan nasa, wanda na karɓa na ɗana, sai da na kalli agogo na ga inda allura ta kai, gabana ya faɗi, don jikina bai ji komai ba. A hanyar da garken shanu zai iya ɓullowa daga bayan kwana, na fi son babur ɗin da zai gajiyar da ni tun kafin in kai gudun da birki ba zai cece ni ba. Ya ce wannan dabarar mai neman uzuri ce. Wataƙila. Amma ranar da nasa ya zame a kan yashi a bakin wani shago, a tsaye ma kusan, wata da watanni ya yi yana jiran robar gefe daga waje, kuɗinta kuma bai yarda ya faɗa a gaban matarsa ba. Nawa da ya kwanta irin wannan kwanciya, hannun kuloci da madubi kawai na canza.

Rashin riga yana da wasu ƙananan haraji da ba a faɗa wa mai saye. Da damina, tsakanin magariba da isha, duk ƙwaron da Allah ya halitta a gilashin hularka zai ƙare, ranar da shinge suka fito kuwa sai ka tsaya ka goge kafin ka ga hanya. Tsakuwar da tifa ke watsowa, gwiwa da ƙauri take samu. Ruwan sama ba shi da inda zai tsaya sai jikinka. Sannan ga maganar sutura: kaftani da wannan babur ba sa shiri. Ranar Juma'a na gwada, iska ta cika rigar ta baya, gabanta ya naɗe ya hau tanki, hulata kuma tana cikin aljihu tana lanƙwashewa domin babu inda zan ajiye ta. Ƙarƙashin kujera takardu da 'yan sifanu kaɗai yake ɗauka. Yanzu jaka nake ɗaurawa a baya, in na isa in sauya kaya. Babbar riga kam kada ma a fara.

Nauyi shi ne abin da ya fi iska damuna, kuma a nan ne zan fi daɗewa, domin shi ke sa mutane sayar da irin wannan babur bayan sun saya da ɗoki. Da mai a tanki yana kusan kilo 250. Boxer da 'yan acaba ke hawa bai kai rabin haka ba. Muddin tayoyin na juyawa ba za ka san da nauyin ba, har ma yana taimaka maka, don babur ɗin yana zama daram a kan hanya, ƙananan ramuka ba sa firgita shi. Matsalar tana farawa daga lokacin da gudu ya koma na tafiyar ƙafa. Juyawa a cikin lungu, ja da baya daga inda ka ajiye shi in wurin ya ɗan gangara, shiga da shi soro mai dakali, sauka daga kwalta zuwa kafaɗar hanya mai yashi: kowanne sai ka yi masa lissafi tun kafin ka isa. Na koyi duba ƙasa kafin in sauke jak, saboda a ƙasa mai laushi jak ɗin nutsewa yake yi a hankali, kana cikin shago kana ciniki sai ka ji ƙara. Akwai murfin gwangwanin da na take ya baje, yana cikin aljihun jakata kullum, shi nake sawa a ƙarƙashi.

Wurin da nauyin ya fi nuna kansa shi ne shingen jami'an tsaro, irin wanda ake cewa kowane mai babur ya sauka ya tura. Masu ƙananan babura su sauka da hannu ɗaya suna hira. Ni kuwa ga jaket mai kauri, ga hular kwano, ga rana, ga ɗan hawa, ina tura kilo 250 ina haɗa gumi. Wata rana wani jami'i ya kalle ni ya ce, "Oga, wannan ai mota ce, hau abinka ka wuce a hankali." Wata ranar kuma ba a ce ba. Rubutun sunan da ke jikin babur ɗin kuwa, Bandit, wato ɗan fashin daji da Turanci, tuni na ɓare shi. A hanyoyin Kaduna na wannan zamani ba sunan da za ka so jami'i ya karanta da ƙarfi ba ne.

In ya faɗi, ɗaga shi aikin mutum biyu ne, sai dai in ka iya dabarar juya masa baya ka tura da ƙafafu. Alhamdu lillahi a ƙasar nan ba ka rasa mai taimako; kafin ka miƙe mutum huɗu sun kama. Abin da za ka yi ta roƙo shi ne kada su ɗaga ta madubi ko ta sigina.

Kujerarsa ana iya ɗaga ta ko a sauke ta da kimanin santimita 2, tana wajen santimita 79 a ƙasa. Ni matsakaicin tsayi ne, ƙafafuna biyu suna taka ƙasa amma ba da dukan tafin ba, don kujerar tana da faɗi. Gajeren mutum ya zauna a kai tukuna kafin ya biya. Zaman kansa kuwa ba ni da abin cewa: a miƙe kake, hannu bai yi nisa ba, gwiwa ba ta naɗe sosai ba, kana hango abin da ke gaban motar da ke gabanka.

Cikin gari ba gidansa ba ne. A watan Afrilu, ka shiga cunkoson Kasuwar Barci ko na titin Ahmadu Bello da rana tsaka, fankar lagireto za ta tashi, ta kwaso zafin injin ta watsa maka a ƙauri da cinya. Injin bai taɓa tafasa mini ba, ni ne nake tafasa. Kuloci na mai ne, ba na waya ba, amma duk da haka bayan rabin awa na kama-saki hannun hagu yana gajiya. Faɗinsa kuma ba ya barinka ka kurɗa inda masu Keke Napep da ƙananan babura ke kurɗawa. Tudun rage gudu da mutanen unguwa ke ginawa da kansu, masu tsini, sai ka hau su a karkace, domin tsakanin cikinsa da ƙasa bai kai santimita 15 ba, bututan salansa kuma ta nan suka bi. Aiken cefane da kai yara makaranta, tsohuwar Jincheng ɗina ce ke yi har gobe.

Mai. Tankin lita 19 ne. A doguwar hanya, in na riƙe hannuna, ina samun kilomita 16 zuwa 17 a lita. Cikin gari ko in na biye wa zuciya, ya sauko 12 ko 13. Wato tanki ɗaya yana kai ni Kano da ɗan saura. Lokacin da na saye shi lita ba ta kai naira 200 ba, ban ma san ina lissafi ba. Daga 29 ga Mayun 2023 da aka cire tallafi labari ya sauya, zuwa ƙarshen 2024 lita ta haura naira 1,000, sai cika tanki ya zama abin da ake shawara da aljihu. Har yanzu ya fi motata sauƙin sha, amma duk wanda ya ce maka ya sayi babur mai cc 1,255 don tsimin mai, wani dalilin yake ɓoyewa.

Abin da ya fi tsadar man muhimmanci shi ne tsabtarsa. Famfon mai yana cikin tanki, da matatarsa, kuma injekta ba ta haƙuri da datti ko ruwa. Sau ɗaya na sha man 'yan bumburutu a kan hanya don babu yadda zan yi, babur ya yi ta shaƙewa in na murɗa, sai da aka sauke tanki aka wanke. A nan ne wani dattijo da muke hawa tare, mai tsohon Bandit 1200, yake samun bakin magana. Nasa irin na farko ne da aka fara fitarwa a tsakiyar shekarun 1990, cc 1,157, injin da aka samo daga babur ɗin tseren Suzuki mai suna GSX-R1100, mai sanyaya kansa da iska da baƙin mai, kafireto huɗu, giya biyar. Babu lagireton ruwa, babu injekta. Yakan ce, "Ɗana, nawa ko a ƙauye ya tsaya, da sukudireba da ɗan fetur a roba za a tashe shi. Naka sai an nemo mai kwamfuta." Ina ce masa, "Baba, gaskiya ne, amma naka da asubar hunturu sai an yi ta lallashi da cok, nawa taɓawa ɗaya ne." Dokokin hayaƙi na Turai ne suka tilasta sauya injin a 2007, ba don tsohon ya gaza ba, kuma Baba ya san haka, shi ya sa ba ya sauka daga kan bakansa. Wanda ke zaune nesa da babban gari, ni ma 1200 ɗin zan ce ya nema, in ya samu mai lafiya.

Ba shi da kiki. In batir ya mutu, ka tsaya ke nan, domin famfon mai da injekta duk wuta suke so, tura shi kuma ka ji nauyin da na faɗa. Batir mai kyau ba wurin tsimi ba ne.

Maganar gyara ita ce inda mai irin wannan babur a Arewa yake zama rabin makanike ko ya so ko bai so ba. Rashin riga a nan alheri ne: filtar baƙin mai tana gaba a fili, ana juye ba tare da an kwance roba ko ɗaya ba, kuma in wani wuri ya fara tsattsafo ido zai gani tun da wuri. Injin kansa ba mai fitina ba ne. Abin tsoro shi ne hannun da zai taɓa shi. Na taɓa tsayawa a kan wani yaro da ya ɗauko fetur zai wanke mini cen, na ce kada ya kuskura. Ya ce, "Yallaɓai, haka muke wanke na kowa." Cen ɗin wannan akwai ƙananan zobban roba a tsakanin haɗinsa masu riƙe maiko, fetur yana busar da su, kananzir ake sawa, a goge, a shafa man cen. Da hunturu ƙura tana haɗuwa da maikon ta zama abin da ke cinye cen da haƙoran sufuroket, don haka wankin ya fi yawa a lokacin, haka ma filtar iska da ke ƙarƙashin tanki. Baƙin mai kuma ba kowanne ba: kulocinsa a cikin man yake wanka, in aka zuba na mota mai sa santsi sai ya fara zamewa. A nemi 10W-40 mai alamar JASO MA a jikin galan, wajen lita uku da rabi in an haɗa da filta. Littafinsa ya ce juye duk kilomita 6,000. Da ƙurarmu da zafinmu ni ba na kaiwa. Lagireto kuma ruwansa na musamman ake zubawa, ba na rijiya ba, in ba haka ba tsatsa da gishiri su toshe shi. Duba bawul yana zuwa a kilomita 24,000, kuma na wannan ƙirar da ƙananan faranti ake daidaita shi, ba da noti irin na 1200 ba. Wannan aikin ban ba kowa shi ba sai wani makaniken manyan babura a Abuja, na kwana biyu a can saboda shi.

Kayan gyara babu su a shagon unguwa. Fulogi, filta, takalmin birki, duk sai dai in aika Legas ko in roƙi mai dawowa daga waje, shi ya sa nake saye bibbiyu in ajiye. A Panteka an taɓa ƙera mini ƙarfen da ke kare injin in an faɗi, aikin ya yi kyau ƙwarai, amma abin da ya shafi cikin inji ko birki ba na yarda da na ƙira. Taya ita ce babbar wahala. Ta baya 180/55 ce a kan rim 17, ta gaba 120/70, marasa tub, kuma ƙarfin nan da na yaba shi ne ke cinye ta baya, tsakiyarta ta baje tun gefen na sabo. Sabuwa kuɗinta da dala yake tafiya. Ta hannu kuwa a duba lambobi huɗun nan da ke gefenta, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta. Na ga tayar da zanenta ke nan radau amma ta shekara goma, robar ta ƙeƙashe, irin wadda ke zamewa a ruwan farko. Mai faci kuma a tsaya a kansa, ƙarafan da yake ɓare tayar mota da su suna cin bakin rim. Iska 36 a gaba, 42 a baya, da ma'aunina nake dubawa domin na bakin titi kowanne da abin da yake faɗa.

Birkinsa faifai biyu a gaba, ɗaya a baya, yana tsayar da shi yadda ya kamata amma sai ka matsa da gaske. Akwai masu ABS a cikinsu, wato na'urar da ke hana taya ƙamewa in an matsa birki da ƙarfi, nawa ba ya ciki, kuma da zan sake saye mai shi zan nema. Shakazoba mai laushi ce, an yi ta don jin daɗin zama. A hanya mai ƙananan gyare-gyare tana haɗiye su lafiya lau, amma in ka shiga kwana da gudu ga goyo a baya sai ka ji bayan yana lilo. Babu na'urar hana taya zamewa, babu zaɓin yanayin tuƙi, babu komai na zamani. Hannunka na dama ne kaɗai, abin da ya kamata a tuna a wuraren da tireloli ke kwana suna zubar da gas a kwalta, irin Tafa da Maraban Jos.

Wani ƙanen abokina yana da Yamaha MT-09, shi ma mara riga, silinda uku, cc 847, doki wajen 115, nauyinsa bai kai kilo 190 ba. Mun yi musaya daga Jaji zuwa Zariya. Nasa wuta ne, ka taɓa totur gaba ya nemi tashi, a kwana kuma da tunani kawai yake juyawa. Da muka tsaya ya ce, "Yaya, naka ai jirgin ƙasa ne." Na karɓa. Sai dai tankinsa lita 14 ne, kujerarsa ta fara cizona tun kafin mu isa, kuma shi da kansa ya ce in tafiyar ta kai Kano da goyo, nawa zai ɗauka. Matashi mai son wasa, wanda yawancin hawansa cikin gari ne da kewaye, nasa ya fi masa. Akwai kuma masu dogayen baburan shiga daji irin V-Strom, da ke cewa duk mun yi asara tunda rabin hanyoyinmu ba kwalta ba ce. In ƙauyenku sai an bar titi an yi tafiyar awa a burji, su ke da gaskiya. Bandit a yashi abin tausayi ne.

Goyo yana daga cikin inda ya ci jarabawa. Kujerar baya mai faɗi ce, ga ƙarfen riƙewa, injin kuma bai san an ƙara mutum ba. Maman yara ta hau sau da dama zuwa Zariya, ƙorafinta biyu ne: zafin salansa kusa da ƙafarta ta dama, da kuma iskar da ke jan hijabi. Wannan na biyun ba abin wasa ba ne. Kafin mu tashi sai na tabbatar ta tattare shi ta zauna a kai, domin cen da tayar baya a buɗe suke, kuma abin da ke jan babur da ƙarfin nan ba zai ji ɗan yadi ba. Hajiyata kuwa har yau ba ta sa masa albarka ba. In na je gaishe ta a bakin layi nake ajiye shi.

Salansarsa ta asali ƙatuwa ce, mai nauyi, marar hayaniya, kuma kusan kowa cire ta yake yi ya sa mai ƙara. Na bar tawa. Ina fita da asuba, ina da maƙwabta, kuma babur mai shiru ba ya jawo maka tsayawar da ba ka nema ba.

Wanda ya karanta duk wannan bai fasa ba, ga abin da zan ce ya yi ranar saye. Kada ya zama shi ne babur ɗinka na farko bayan roba-roba. Ka ɗan zauna a kan mai cc 400 ko 600 tukuna. Ka ware kuɗin hular kwano ta gaske, jaket, safar hannu da takalmi a cikin kuɗin babur ɗin, domin a kan mara riga su ne rigar. Ka je da sassafe ka taɓa injin ka ji da sanyi kafin a tayar, mai sayarwar da ya riga ya ɗumama shi kafin ka zo akwai abin da ba ya so ka ji. Ka bar shi yana aiki a tsaye har fanka ta tashi ta kuma mutu da kanta. Ka haska cikin tanki da tocila ka nemi tsatsa, tunda da yawansu sun daɗe a ajiye kafin a loda su a kwantena. Ka duba sandunan shakazoba na gaba ko suna jiƙe da mai, ka ɗaga gaban ka juya kai hagu da dama ka ji ko yana sarƙewa a tsakiya, ka kalli ƙarshen hannuwa da murfin inji ko akwai gogar kwalta. Kilomitar da agogo ya nuna kada ka ba ta muhimmanci sosai, robar takawa da faifan birki sun fi ta faɗin gaskiya. Sannan takardun kwastam: ka durƙusa da kanka ka karanta lambar da ke jikin firam, a wuyan babur ta dama, ka gwada ta da wadda ke takarda harafi bayan harafi kafin kuɗi su bar hannunka.